Akwatin da Ya Zagi Amarya

Ranar da akwatin Mailafiya ya zagi amarya, irin zafin bazarar nan ake yi wanda ƙadangare ma sai ya ɗage ƙafa in ya taka dakali. A Koki abin ya faru, ƙofar gidan Hajiya 'Yardada, wadda yaro da babba ke ce wa Gwaggo. Jikarta Zuhra ake aurarwa. An baza tabarmi, mata sun cika lungun maƙil, 'yanmata sun sha lalle sun yi da'ira, amma babu makaɗi. Shekarar nan ce da soja suka ce za su koma bariki su miƙa wa farar hula, don haka duk wani mai kalangu da mai ganga da ke cikin ganuwar Kano, 'yan siyasa sun zuba shi a bayan a-kori-kura an tafi yawon neman ƙuri'a. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka tuna da maƙwabcinmu na Gwammaja, Hashim mai gyaran rediyo, wanda aka fi sani da Mailafiya, da fiyanon da ya ƙera da hannunsa.

Ya zo da shi ɗaure a bayan keke, sanye da farar riga da ta sha sitati har tana ƙara in ya motsa. Aka ba shi benci a tsakiyar rana, don inuwar ta dangin ango ce. Ya jera batiran tocila, ya haɗa waya, ya danna. Muryar abin, in za a faɗi tsakani da Allah, kamar sauro ne ya ƙoshi ya samu lasifika. Amma baƙon abu ne, kuma yana bin waƙa tiryan-tiryan, sai mata suka hau guɗa. Mailafiya ya gyara zaman hula, yana kallon sama kamar ba shi ake yaba wa ba.

'Yanmatan suna da baiti guda da suka shirya wa ƙawarsu: "Zuhra amarya mai wuya." Gaskiya suka faɗa, don Allah ya ba yarinyar dogon wuya, irin wanda sarƙa ke zama a kai ta ji daɗi. To kowa ya san wuya iri biyu ne a bakin Bahaushe. Akwai wanda ake rataya wa sarƙa, shi ana ɗaga murya a "wu" a sauke ta a "ya". Akwai kuma wadda ake sha, wahala ke nan, ita daga ƙasa ake farawa a ƙare a sama. Da fari akwatin yana faɗin na sarƙa daidai. Amma da rana ta ci gaba da dukansa, sai madannin da ke riƙe da "wu" ya fara sanyin gwiwa, yana sauka kaɗan-kaɗan, har ya koma ƙarƙashin na "ya". Su kuwa 'yanmata akwatin suke bi, don ya fi su ƙara. Ba su ankara ba sai ga su suna tafi, suna rangaji, suna shaida wa duniya cewa amaryar nan aba ce mai wahala.

Wata daga dangin ango ta rufe baki da mayafi ta ce, "Gara da aka sanar da mu tun yanzu."

Dariya ta bi tabarmi. Gwaggo ta ajiye goron da take gogawa a magogi, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Kai mai akwati. Me ka ce da jikata?"

"Ranki ya daɗe, ni ban ce komai ba. Bakina a rufe yake."

"To wa ya faɗa?"

"Akwatin ne."

"Wa ya haifi akwatin?"

Nan ne ya kamata bawan Allah ya yi shiru. Amma sai ya ce bari ya nuna mata babu komai, ya danna madannan nan biyu a cikin tsit ɗin da aka yi. Akwatin ya maimaita zaginsa ƙarara, har da jan murya. Haka Mailafiya ya fito daga Koki yana tura keke, sitatin rigarsa duk ya narke, wayoyi suna jan ƙasa a bayansa. Kafin ya iso Gwammaja labari ya riga shi. Isiyaku tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya leƙo da allura a baki ya ce, "Sannu da zuwa, Mai-wuya. Wanne daga ciki ka dawo mana da shi?"

Wanda bai san Mailafiya ba zai ce ya ji haushi. Ina. Mutumin nan tun yana ƙarami in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri don ya bar ta a hanya, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Mahaifinsa mai gyaran kwaɗo da fitila ne a kasuwar Kurmi, kuma ya sha faɗa cewa bai taɓa sayen abu ya kwana cikakke a gidansa ba. Agogo, tocila, fitilar aci-balbal, duk sai Hashim ya buɗe cikinsu ya ga mai motsin. Da tsohon ya gaji da asara, sai ya kai shi Sabon Gari wajen wani mai gyaran rediyo, ya ce ga shi nan, ya lalata na wasu. Ya yi shekarunsa a can, ya dawo ya buɗe shago a soron gidansu, yana fuskantar dutsen Dala. Aikinsa na da kyau, sai dai bai iya ce wa mutum rediyonka ya mutu ba. Sai ya ce, "Yana hutawa, a dawo jibi." Da haka gawarwakin rediyo suka cika shagon har rufi, masu su sun haƙura.

Wata rana ya ga fiyano na lantarki a wani kanti. Ya miƙa yatsa ya danna madanni ɗaya, kafin ya danna na biyu mai gadi ya nuna masa ƙofa. Ya dawo unguwa ya ce da Isiyaku, "Babu aljani a ciki. Waya ce da dalma." Daga ranar gawarwakin nan suka shiga uku. Ya samo akwatin ganyen shayi na katako ya yi jiki. Ya fere madannai, ya sa musu ƙarfen tsohuwar lema don su riƙa dawowa in an danna. Hanjin kuwa daga cikin rediyoyin ya tsinto, wannan na Jamus, wancan na Sin, wani ma ba a san ƙasarsu ba. Kowane madanni yana da ɗan sukurunsa a baya: ka murɗa dama murya ta hau, ka murɗa hagu ta sauka. Damina biyu muka yi muna jin kukan abin nan ta katanga. Awakin unguwa har sun daina amsa masa.

Shekarunsa sun haura talatin da ɗoriya bai yi aure ba, ba don rashin abin yi ba, sai don in mace ta tsaya gabansa, rediyon hannunta yake kallo. Haka ya yi wa Nafisa. Yayar Zuhra ce, aurenta na fari ya mutu, ta dawo gidan kakarta tana ɗinkin hula. Ita ta kawo masa rediyon Gwaggo gyara. Zuwan farko da gaske waya ce ta tsinke. Zuwa na biyu sai ya tarar an sa batir a juye. Na uku ma haka. Ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla, ga kan batir ga gindinsa, tana gyaɗa kai kamar yau ta fara ganin batir. Da ta tafi Isiyaku ya ce, "Malam Hashim, matar da ke zare allura ta fitar da zanen hula ba kuskure, ita ce ba ta san kan batir ba? Daga Koki zuwa nan masu gyara nawa ta wuce?" Sai a lokacin Mailafiya ya farga. Da ta sake zuwa, ya manta bai buɗe rediyon ba sam.

Magana ta yi nisa har an shirya bayan bikin Zuhra manyansa za su je Koki. Ita Nafisar ce ma ta ba da shawarar a kira shi kiɗa, don Gwaggo ta ga irin basirar mutumin. Gwaggo kuwa ta gani.

Duk da haka kawunsa ya ɗaura rawani ya je. A gidan akwai maza masu gemu da za a nemi aure a hannunsu, amma duk Koki an san gemun nan ba ya motsi sai Gwaggo ta yi tari. Ta sa aka shigo da kawun har tsakar gida ta ce masa, "Ni ba ni da rigima da yaronku. Da akwatin nake. Shi ya zagi jikata a gaban mutane, shi zai janye a gaban mutane. Ranar da Zuhra za ta zo ganin gida, ya dawo, bencin nan, tsakar ranar nan, matan nan duk su zo su ji. In ya faɗi daidai, ga Nafisa. In ya maimaita, akwatin ya zama akurkin kajina, shi kuma ya nemi mata ta wata ƙofar."

Kawu ya ce ko a kawo ƙwaryar goro a ba da haƙuri. Ta ce goro bai zage ta ba.

Mailafiya ya rufe karɓar gyara, ya sa akwati a gaba. Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne, da sassafe in ya danna, ga "wuya" nan na sarƙa, tsaf, ko alƙali ya ji zai sallame shi. Ya fitar da shi rana, kafin azahar ya koma zagi. Ya mayar inuwa, zuwa la'asar sakaliya ya tuba.

Isiyaku ya ce, "Ai wannan madannin ɗan siyasa ne. Da safe yana jam'iyyar sama, rana na yi ya sauya sheƙa."

Sunan ya zauna. Da Mailafiya ya bi asalin ɗan siyasan, sai ya gano sukurunsa daga rediyon wani mai tsire ya ciro shi, rediyon da ya yi rayuwarsa kaf a gefen wuta. Zafi kaɗan sai ya saki jiki. Ya cire shi ya sa wani. Ya ɗauka an gama, ashe an fara. Da ya kasa kunne sosai sai ya ji duk madannan 'yan siyasa ne, wannan dai ya fi su rashin kunya. In rana ta yi kowa sai ya gusa, wani sama wani ƙasa. In batir ya fara gajiya, su tafi gaba ɗaya kamar an kaɗa tumaki. Abin da ya fi ba shi tsoro kuwa, kunnensa ma yana bin su. Tun da a hankali suke zamewa, shi da ke zaune a kai bai ji, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta sai baƙo ya faɗa.

Maganin batir bai yi wuya ba. Ɗanjuma direban tifa ya ce zai ara masa na mota, da sharaɗin a ba shi wuri a gaba ranar kallo. Maganin zafi kuwa a gindin randar gidansu ya same shi. Ya je shan ruwa da rana tsaka, ya ji ruwan da sanyi kamar asuba, ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙen yashin da aka dasa randar a kai. Bai ƙarasa shan ba. Ya kwashe hanjin fiyanon kaf ya zuba a gwangwanin madara, ya toshe bakin da kyandir don kada laima ta shiga, ya sa gwangwanin cikin tukunyar ƙasa, ya dasa tukunyar a daro mai jiƙaƙƙen yashi. Wayoyi suka fito ta bakin tukunya zuwa akwati kamar taliya.

"Yanzu kuma fiyano ya koma fura," in ji Isiyaku. "A kawo ludayi?"

Fura ko ba fura ba, muryar ta daina yawo sosai. Saura abu ɗaya: da me zai auna ta? Yana bukatar wani abu a garin nan mai magana ɗaya, wanda zai riƙa gwada madannan da shi. Ya gwada kofin gilashin mai shayi da cokali, ya ga muryar kofi na bin yawan shayin da ke ciki. Ya gwada hon ɗin tifar Ɗanjuma, ashe shi ma da yanayinsa. Isiyaku ya ce a gwada da muryarsa. Mailafiya ya ce, "Taka ai tana hawa in mai ɗinki ya zo karɓar kayan da ba ka yanka ba." Wannan ne karo na farko da muka ji ya mayar wa wani magana, har mai shayi ya ce a rubuta ranar.

Ana cikin haka Nafisa ta zo da rediyo, batir a juye kamar kullum. Ta dubi tukunya, ta dubi ramar da ya yi, ta ce, "Malam, in mai magana ɗaya kake nema, yana ƙarƙashin gadon Gwaggo."

Ɗan turmin tagulla ne, na dakan kayan shayi, wanda kakan Gwaggo ya zo da shi daga Turabulus a kan raƙumi. Nafisa ta ce tun tana yarinya take jin sa, bazara da damina, bai taɓa sauya murya ba. In an bugi leɓensa ya yi ƙara siririya a sama, in taɓaryar ta sauka a cikinsa ya amsa a ƙasa. Ta kwaikwaya masa da baki. Mailafiya ya miƙe zumbur, don abin da turmin ke faɗa ke nan: sama, ƙasa. Wuya, na sarƙa.

"A aro mini shi."

"Gwaggo za ta ara maka haƙoran bakinta kafin ta ara maka turmin nan. Amma kullum da hantsi tana daka. Ana ji ta bayan katanga."

Washegari da hantsi ga Mailafiya a lungun bayan gidan Gwaggo, ya jingina da katanga kamar mai jiran wani. Turmi ya yi magana. Ya kama muryoyin nan biyu ya sa a hanci, ya rufe baki gam, ya kamo hanyar Gwammaja yana "mm-mm, mm-mm" don kada su zube. Abin da bai lissafa ba shi ne, tsakanin Koki da Gwammaja mutane ne zaune a kowane dakali, kuma duk sun san shi.

"Malam Hashim, an tashi lafiya?"

"Mm-mm."

"Ya mutan gida?"

"Mm-mm."

Dattijai suka bi shi da kallo. A garin da ake tsayawa a tambayi lafiyar akuyarka, ga ɗan mai kwaɗo ya wuce majalisa guda bai ce uffan ba. Ya kusa gida, ya hango shagonsa, sai wani jakin masu yashi ya buɗe baki a gindin Dala. Da jakin ya gama, Mailafiya ya nemi muryar turmi a hancinsa ya rasa, sai ta jaki. Kashegari ya koma. A ranar ya iso da ita lafiya har bakin shago, Isiyaku ya tare shi da waƙar tallan man ƙuli-ƙuli da gangan, ta sake zubewa. Kafin mako ya zagayo, an ce haƙori ke damunsa, an ce iska ce ta taɓa shi, an ce tsayawa takara zai yi shi ya sa ya fara girman kai, wasu suka ce a'a, mai takara ai har kare gaisarwa yake. Magana ta kai kunnen Gwaggo. Ta aiko a gaya masa bayan akwati mai zagi, ashe kuma akwai mai akwati marar gaisuwa, to tana ƙirgawa. Sai da ya bi dakali-dakali yana durƙusawa yana biyan gaisuwar da aka biyo shi, wani tsoho ma ya ce sai ya haɗa da ta jiya da shekaranjiya.

Daga nan ya daina zuwa bayan katanga. Isiyaku ya tambaye shi ko ya haƙura da Nafisa ne. Ya ce a'a, ya dai gane murya ba a ɗaukar ta a hanci, sai a je inda take.

Damina ta ɗauke, soja suka koma bariki, farar hula suka hau, makaɗa suka dawo gari da dusassun muryoyi suna neman biki ko na kaza ne. Aka ce da Gwaggo ga masu kalangu sun samu. Ta ce ba ta da shari'a da kalangu. Ranar da Zuhra ta zo ganin gida, mutanen da suka taru sun fi na bikin yawa. Dangin ango sun zo da wuri sun kama inuwarsu. Ɗanjuma na zaune a sahun gaba. Isiyaku ya rufe shago da ɗinkin mutane a ciki. Gwaggo na zaune a kan darduma, an ɗaure kaji biyu a gefenta, masu jiran sabon gida.

Sai ga Mailafiya da amalanke: akwati, tukunya, daron yashi, batirin mota, da buta cike da ruwa. Wata ta ce yau kuma girki za a yi mana. Bai kula ba. Ya sauke kaya, ya haɗa wayoyi, sannan ya cire takalmi ya je ya durƙusa gaban Gwaggo.

"Gwaggo, alfarma ɗaya nake roƙo. Akwatin nan a cikin matattun rediyo ya tashi, bai san yadda ake magana a gidan manya ba. A ba shi malami."

"Wane malami?"

"Turminki."

Gwaggo ta juya a hankali ta dubi Nafisa. Nafisa ta duƙufa tana duba farcenta kamar yau aka ba ta shi.

"Wato har ƙarƙashin gadona an kai ka." Amma duk wanda ya san tsohuwar ya san ba abin da take so a duniya kamar a tambaye ta turmin nan. Ta ce a ɗauko. Kafin ta buga sai da aka ji labarin raƙumin, da sunan rijiyoyin da aka sha ruwa a hanya, da yadda wani Balarabe ya yi tayin doki aka hana shi. Rana na ta dukan akwati, Mailafiya na satar kallon yashi.

Can ta ɗaga taɓarya ta bugi leɓen turmi. Ƙara ta tashi siririya. Mailafiya ya danna madannin da ya gaji ɗan siyasa, ya sa sukundireba. Muryoyin biyu suka haɗu a iska suna kokawa, wawu-wawu-wawu, kowa na ji.

"Kana ƙasa," in ji Gwaggo. "Hau."

Ya murɗa.

"Ka wuce. Wa ya aike ka can? Dawo kaɗan."

Ya dawo. Kokawar ta ragu, ta zama kamar numfashi, sannan ta lafa, har ba ka iya cewa ga turmi ga akwati. Gwaggo ta ce, "Tsaya nan. Ko gashi ɗaya kada ka ƙara." Aka yi wa na ƙasa haka, sauran madannan ya jera su a kan waɗannan biyun. Ya ɗiga kyandir a kan kowane sukuru don kada wani ya sauya sheƙa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "To Gwaggo, yanzu duk abin da ya faɗa, a bakin turminki ya ji."

"Ka ji ɗan nema. Buga mu ji."

'Yanmata suka yi da'ira, Zuhra a tsakiya ta rufe fuska tana dariya. Akwati ya ɗauka. "Zuhra amarya mai wuya." Sama, ƙasa. Na sarƙa, ba ko tantama. Aka yi guɗa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce ba a gama ba, wancan karon ma da daɗi ya fara. A ci gaba har rana ta karya.

Aka ci gaba. Kowane zagaye sai ta bugi turmi don ta kama shi da ƙarya, turmi da akwati su amsa baki ɗaya. Gumi ya jiƙa Mailafiya sharkaf. Da aka jima ya leƙa daro, ya ga yashin ya bushe ya yi fari, kuma can ƙasa-ƙasa ya fara jin wawu-wawun nan na dawowa. Hannayensa biyu na kan madannai, in ya ɗaga waƙa ta tsaya, in waƙa ta tsaya Gwaggo ta ce an ji tsoro. Ya dubi buta, ya dubi sama. Sai Nafisa ta taso daga cikin mata, a gaban kakarta da dangin ango da duk Koki, ta ɗauki butar ta tsuguna tana zagaya tukunya da ruwa kamar mai ban ruwan albasa.

Isiyaku ya ce da Ɗanjuma, yadda kowa zai ji, "Wannan ce fa ba ta san kan batir ba."

Kokawar ta kwanta. Zuwa can aka lura Gwaggo ta daina bugun gwaji, ta koma bugun kiɗa, tana kaɗa kafaɗa, turmin Turabulus ya zama abokin akwatin shayi. Ba ta farga ba sai da inuwa ta rufe bencin. Ta ajiye taɓarya ta gyara mayafi kamar ba ita ba, ta ce a kwance kajin nan a mayar da su inda suke kwana.

Ba a rufa wata biyu ba aka ɗaura aure. Akwatin ya yi shekaru yana zaga bukukuwan cikin gari da tukunyarsa da butarsa, har fiyanon kanti suka yawaita aka daina nemansa. Yana nan a soro, kaji ba su taɓa kwana a ciki ba. Sunan Mai-wuya kuwa ya bi mutumin har furfura, 'ya'yansa ma da shi ake kwatancen gidansu. Amma abin da aka fi maimaitawa a Gwammaja shi ne yadda aka tashi daga taron nan.

Yana naɗe wayoyi Gwaggo ta kira shi, da muryar wasan da kaka ke yi da mijin jikarta.

"Zo nan, mai akwati. Tun da ka zama malamin wuya, gaya wa mutane. Ita wannan da za ka ɗauka, wanne gare ta a cikin biyun?"

Nafisa ta tsaya da buta a hannu. Mailafiya ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya ce:

"Wuyan nata ne, Gwaggo. Wuyar kuwa taki ce, ita kuma na shanye ta tun kafin a ɗaura."